Littafi a Buɗe ko a Rufe: Wace Hanyar Bita Ce Ta Fi Kai Ɗalibi Ga Maki?

Duk shekara idan JAMB da WAEC suka ƙarato, tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce: "Malam, awa nawa ya kamata in riƙa karatu a rana?" A ganina akwai tambayar da ta riga wannan. A cikin awannin da kake zaune ɗin, littafin a buɗe yake ko a rufe? Kusan duk dabarun bita da ake yayatawa, tun daga jan layi da biro mai kala har zuwa manhajar waya, a kan wannan tambaya suke rabuwa gida biyu. Gida ɗaya na masu zuba karatu ta ido ne. Ɗayan kuma na masu tilasta wa kai ya fito da abin da aka zuba masa. Na farko ya fi daɗi, shi ya sa ya fi jama'a. Na biyu ya fi wahala, kuma shi nake ba da shawara a bi, amma ba a kowane darasi ba, ba kuma a kowane lokaci ba.

Maimaita karantawa, ko jawowa da ka

Maimaita karantawa shi ne abin da mafi yawanmu muka tashi da shi. A buɗe littafin rubutu a bi shi daga farko zuwa ƙarshe, gobe a sake, jibi a sake. A karo na uku shafin ya zama ɗan gida, ido na gudu a kansa ba tuntuɓe, kai na gyaɗawa, zuciya ta ce ai na san wannan. Nan yaudarar take. Gane abu idan an gan shi daban, iya kawo shi ba ya gabanka daban. Kamar mutumin da ka haɗu da shi a kasuwa ne, fuskar ka santa sarai, kun gaisa har da tambayar iyali, amma da za a ce faɗi sunansa sai ka hau sosa ƙeya. A ɗakin jarrabawa kuwa sunan ake tambaya.

Akwai gwajin da ya fito da wannan fili. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin Sent Luwis a Amurka sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu aka bar su suka yi zama huɗu suna karanta shi. Wasu kuma zama ɗaya kawai suka yi da shi aka karɓe, sannan suka yi zama uku suna rubuta duk abin da suka iya tunawa a farar takarda, ba a sake nuna musu ba. A cikin waɗanda aka gwada bayan minti biyar, masu maimaita karantawa ne a gaba da kashi 83 cikin ɗari, masu jawowa suna da 71. A cikin waɗanda aka gwada bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa suka faɗo 40, masu jawowa suna riƙe da 61. Abin da ya fi ɗaukar hankalina, da aka tambaye su yadda suke jin za su tuna bayan mako, masu maimaitawar ne suka fi bugun ƙirji.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya ce ya karanta sau ɗari. Sai ya kifa allon ko ya miƙa wa malam, ya kawo karatun da ka. In ya yi tuntuɓe a ɗago shi, in tuntuɓen ya yi yawa a ce ya koma. A tsangaya ma babbar shaidar alaramma ita ce ya zauna ya rubuta izu sittin da ka, babu mushafi a gabansa. Abin mamaki, yaron da ya saba da wannan da yamma a Islamiyya, da ya ɗauki littafin boko sai ya koma kallon shafi. Sai dai a lura da bambanci ɗaya. Alƙur'ani harafi da harafi ake riƙe shi, Bayoloji da Gwamnati ba haka ba. Abin da za a aro daga makarantar allo shi ne kifa allon. Wanda ya haddace ma'anar dimokuraɗiyya kalma bayan kalma bai gane ta ba, da an juya tambayar kaɗan zai zauna yana tauna biro.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce darasin zagayen jini ne. Karanta shi sau ɗaya da natsuwa har ka gane. Rufe littafin ka tura shi cikin jaka ko ƙarƙashin tabarma, inda ɗauko shi zai zama aiki. Ɗauki farar takarda ka zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ka bi jinin da kibiya: daga jiki ya shigo ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, ya tafi huhu ya ɗauko oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya gangara, a harba shi cikin jiki. Kafin ka gama za ka tsaya cak. Mene ne sunan jijiyar da ke kai shi huhu? Me ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri? Kada ka buɗe. Yi minti ɗaya kana lalube, ka rubuta abin da ya zo ko da kana shakka. Sai bayan nan ka buɗe, ka ɗauki jan biro ka gyara, ka ƙara cewa ɗakin hagu duk jiki yake harba wa jini, na dama kuwa huhu kawai. Inda jan biro ya taɓa, nan ne karatunka na gobe. Sauran shafin ba ya buƙatarka yanzu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Da Hausa muke tunani, da Turanci ake tambayarmu, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu BEPC da BAC kuma da Faransanci. Yi wa kanka bayani da Hausa don ka tabbatar ka gane, wannan daidai ne. Amma abin da zai sauka a farar takardar nan ya zama da harshen jarrabawa, kalmomin da haruffansu daidai. Ɗalibai da yawa sun san abu sarai, sai an zo rubutawa jimla ta ƙi haɗuwa, saboda ba su taɓa gwada haɗa ta ba sai ranar.

Hanyar tana da aibinta. Tana cin lokaci, shafi ukun da za ka shanye da ido a minti goma sai su ɗauke ka rabin awa. Tana karya gwiwa a kwanakin farko, domin kullum rauninka take nuna maka. In ba ka duba amsa bayan ka jawo ba, kuskurenka kake haddacewa. Sannan ba a jawo abin da bai shiga ba. Darasin da ba ka gane ba tun a aji, ko wanda rashin malami ya sa ba a yi shi ba, wannan karantawa yake so da neman mai bayani. Ke nan karantawa tana da gurbinta: karon farko, da lokacin gyara. Karo na uku da na huɗu ne asarar.

Jan layi da taƙaitawa ba za su ɗauke mu lokaci ba. A 2013 John Dunlosky na Jami'ar Kent State a jihar Ohayo da abokan aikinsa huɗu sun tattara binciken da aka yi a kan dabarun karatu goma suka auna su. Biyu kacal suka sa a sahun gaba, gwada kai da rarraba karatu. Jan layi, taƙaitawa da maimaita karantawa duk a sahun baya suka faɗa. Ni kuma zan haɗa musu da kwafe tsohon littafi a sabo da rubutu mai kyau, wanda hannu ke aiki kai na hutu. Amma ƙaramin canji yana ceto taƙaitawa: rufe littafin ka rubuta ta da ka, shi ke nan ta koma jawowa.

Dare ɗaya, ko kaɗan-kaɗan

'Yan jami'a na kiransa TDB, karatu har gari ya waye. A tafi aji da bargo da filas ɗin shayi, wani da goro a aljihu, wani ya tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi kada barci ya sace shi. A yi wa wannan hanya adalci: tana aiki. In gwajin gobe da safe ne, a kan shafi ashirin, wanda ya kwana a kai zai iya ci. Abin da ba ta iya ba shi ne ajiya. Bayan mako biyu ka tambaye shi, sai ka rantse ba shi ya rubuta ba.

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, yana haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya ga mafi yawan zubewar a awannin farko da ranar farko take faruwa, daga nan sai ta lafa. Darasi mai ma'ana ba ya gudu da sauri haka, amma fasalin ɗaya ne. Mahaddata sun riga shi sani. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu, shi ya sa ba malamin haddar da ke ba da sabon karatu ba tare da muraja'ar na baya ba.

To yanzu ɗora wannan a kan WAEC ko NECO. Darussa takwas ko tara ne, karatun shekara uku, jadawalin kuma makonni yake ɗauka, wani lokaci takarda biyu a rana. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Dare nawa mutum zai raba ido biyu? Wanda ya yi TDB a makon farko, kafin a kai mako na uku jikinsa ya ƙi.

Rarrabawa ba ta ƙara maka awa ko ɗaya. Awa shidan da za ka ba Kimistiri a dare guda, su ne dai za ka raba awa ɗaiɗai a ranaku shida da tazara a tsakani. Tazara nawa? Nicholas Cepeda da abokan aikinsa sun gwada mutum sama da 1,300 a 2008, suka ga amsar ta danganta da nisan jarrabawa. Ga wanda za a gwada bayan kwana 7, tazarar kwana ɗaya tsakanin karatu da bita ta fi; ga mai kwana 35, wajen kwana 11; ga mai kwana 70, wajen kwana 21. Ba sai ka riƙe lambobin ba. Jarrabawa na nesa, buɗa tazarar; tana kusa, matse ta. Kuma lokacin da ka dawo ka tarar abin ya fara dusashewa, har sai ka yi ɗan gumi kafin ya zo, ba alamar gazawa ba ce. Wannan gumin shi ke kafa shi. Sharaɗin rarrabawa guda ne, kuma shi ke kayar da mutane: sai an fara da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Barci ma yana cikin lissafi. Tun 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach a Jami'ar Konel suka nuna cewa wanda ya haddace abu ya kwanta ya fi tunawa a kan wanda ya haddace ya ci gaba da harkokinsa na tsawon lokaci iri ɗaya, binciken da ya biyo baya kuma ya ƙarfafa cewa barci na taimaka wa sabon karatu ya zauna. Mai TDB yana sayen awa huɗu na karatu da abin da zai riƙe masa karatun. Ƙwayoyin hana barci kuwa ba na ma sa su cikin zaɓi.

Katin takarda ko Anki

Kati shi ne ya haɗa jawowa da rarrabawa wuri ɗaya. Tambaya a gaba, amsa a baya. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa tsarin akwatuna a 1972, kuma ba ya buƙatar komai sai kwali da almakashi. Samu ambulan uku ko gwangwanin madara uku. Duk sabon kati na farko yake shiga, shi ake bi kullum. Wanda ka ci ya haura na biyu, da ake bi duk kwana uku. Wanda ka sake ci ya haura na uku, na mako-mako. Wanda ka faɗi, ko a ina yake, ya dawo na farko. Da haka lokacinka ke tafiya a kan abin da ke ba ka wahala, ba a kan abin da ka riga ka iya ba.

Kati mai kyau abu ɗaya yake tambaya. "Wace shekara aka haɗe Kudu da Arewa?" a juya, 1914. "Me ya sa atarin (jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya) da ke zuwa huhu ya bambanta da sauran?" a juya, jinin cikinsa mai ƙarancin oksijin ne. Wanda ya kwafe sakin layi guda a bayan kati, ƙaramin littafi ya yi, kuma karanta shi zai riƙa yi.

Manhajar Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006, wannan aikin take yi, sai dai ita ke lissafa ranar da kowane kati zai dawo. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, ana biya a iPhone, kuma tana aiki ba data. Ɗaliban likitanci a duniya sun rungume ta, da dalili, domin mai katin dubu uku ba gwangwanin da zai ishe shi. Amma ga ɗan sakandare ni takarda na zaɓa masa. Katinsa ba su kai yawan da za su gagari hannu ba, makarantun kwana da yawa ba sa barin waya, caji matsala ne, kuma wayar da ke ɗauke da Anki ita ke ɗauke da WhatsApp da TikTok. Minti goma na kati sai ya zama awa ɗaya na wani abu. Ko na takarda ko na waya, iyakar kati ita ce ƙananan abubuwa: ma'anoni, shekaru, fomula, kalmomin Turanci. Ba ya koya maka warware lissafi, ba ya koya maka rubuta insha'i.

Tambayoyin shekarun baya, da irin jarrabawar da ke gabanka

Nan ne kiɗa ke canzawa, rawa ma dole ta canza. JAMB tambaya 180 ce a awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku, a kan kwamfuta. In ka raba, daƙiƙa 40 ke zuwa wa kowace tambaya. Wanda ya san amsa amma sai ya yi minti biyu yana tunani, a JAMB kusan ɗaya yake da wanda bai sani ba. Saboda haka ɗan JAMB ba shi da abin da ya kai tambayoyin baya da agogo a gefe, kuma in bai saba da kwamfuta ba ya nemi cibiyar da zai taɓa ta, ko ya yi rajistar jarrabawar gwajin da hukumar ke shiryawa.

Sai dai littafin tambayoyin baya ma ana iya mayar da shi littafin karantawa, kuma haka yawanci ake yi. A karanta tambaya, a leƙa bayan littafi, a ga C, a ce ƙwarai C ce, a wuce. An yi tambaya ɗari ba a amsa ko ɗaya ba. Amsa arba'in ɗin gaba ɗaya a takarda tukuna, sannan ka duba. Wadda ka faɗi, da wadda ka ci da canki-canka, rubuta su a wani ƙaramin littafi na kurakurai tare da dalilin da ya sa amsar ta zama haka. Kuma kada ka ɗauki amsoshin bayan littattafan kasuwa kamar wahayi, ana samun kuskure a cikinsu. In amsa ta saɓa wa littafin darasi, kai wa malami.

WAEC da NECO kuma suna da tiyori da firaktikal, inda ba wani A, B, C, D da zai tuna maka. Wanda ya yi bitarsa duka da tambayoyin zaɓi, ganewa ya koya, a tiyori kuwa kawowa ake so. Nan farar takardar nan ce magani, da rubuta cikakkiyar amsa cikin lokacin da aka ɗiba. WAEC tana sa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet, darasi-darasi, suna faɗin inda ɗalibai suka yi rauni a kowace tambaya. Kaɗan ne ke leƙa shi, alhali masu ba da makin ne da kansu ke magana.

Ga masu Lissafi da Fiziks akwai wani zaɓin: a bi babi-babi, ko a gauraya? Littafin darasi yakan ba ka tambaya ashirin iri ɗaya a jere, kafin ka kai ta biyar hannunka ya saba, ba ka ma tunanin wace hanya za ka bi, domin kan babin ya riga ya faɗa maka. A jarrabawa babu kan babi. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada wannan a 2007 da lissafin girman cikin siffofi huɗu. Lokacin atisaye masu bi iri-iri a jere sun ci kashi 89, masu gaurayawa 60. Bayan mako guda masu bi a jere suka sami 20, masu gaurayawa 63. Shawarata a nan ta tsakiya ce: sabon babi a bi shi shi kaɗai har hannu ya faɗa, daga nan a jefa shi cikin sauran. Amsa takardar shekara guda daga farko zuwa ƙarshe gaurayawa ce da aka riga aka shirya maka.

Dunƙule haruffa, da karatun taro

Duk ɗan Islamiyya ya san "yarmaluna" ta haruffan idgami shida, da "ƙuɗubu jaddin" ta haruffan ƙalƙala biyar. Duk ɗan Bayoloji ya san MR NIGER D na siffofin abu mai rai. Malamanmu na da sun mayar da ilmi waƙa don a riƙe, kamar yadda Nana Asma'u ta yi wa mata ɗalibanta, 'Yan Taru, da Hausa da Fulatanci. Dabarar dunƙule haruffa su zama kalma tana da ƙarfi a wurinta, wato jerin abubuwan da ba wani dalili da ya ɗaure su da juna. Amma ƙugiya ce kawai. MR NIGER D zai ba ka haruffa takwas, ba zai faɗa maka bambancin fitar da dattin jiki da fitar da abincin da bai narke ba, kuma nan masu tambaya ke kafa tarko. Dunƙule goma ko sha biyar sun isa. In suka yi yawa su ma sai an yi musu hadda.

Karatun taro ya danganta da abin da ake yi a taron. In gwani ɗaya ne ke bayani sauran biyar na cewa "haka ne", gwanin ne ke karatu, shi ya jawo, shi ya tsara, shi ya faɗa. Sauran kallo suka zo. In kuwa mutum uku ne ko huɗu, kowa ya karanto a gida, aka zo ana jefa wa juna tambaya littafi a rufe, to wannan ya fi zaman kaɗaici, domin aboki ba zai bar ka ka yaudari kanka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsarin minti 25 na aiki da minti 5 na hutu, wanda Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a Italiya, maganin ƙyuya ne da shagala, ba dabarar riƙe karatu ba. Yana da amfani ga wadda aikin gida bai bar mata dogon lokaci ba, minti 25 bayan Asuba, wasu kafin a ɗora girki. Amma abin da aka yi a cikin mintunan shi ne magana.

To wanne za ka ɗauka?

In kana da wata uku ko fiye, duk ƙofofin a buɗe suke. Ɗauko silabos ka raba batutuwa, kowane batu ka karanta sau ɗaya, ka jawo a ranar, ka dawo masa bayan kwana biyu ko uku, sannan bayan mako biyu, sannan cikin takardun shekarun baya. Kati yana biyan wahalar yanka shi a wannan tsawon lokaci. Darussa biyu ko uku a rana sun fi darasi ɗaya wuni guda.

In mako uku ya rage, manta da haɗa kati ɗari biyar, lokacin yin su zai cinye lokacin amfani da su. Juya tsarin: fara da tambayoyin baya tun kafin ka ji ka shirya, su za su nuna maka ramukan, sannan ka koma littafi ka cike su kaɗai. Littafin kurakuran nan shi zai zama babban littafinka, kana bin sa duk kwana biyu, amsoshin a rufe da tafin hannu.

In kwana uku ne, rarrabawa ta riga ta wuce ka, tara karatu lokaci guda ya zama dole, sai dai a yi shi da wayo. Jera takardun shekara biyar da suka wuce ka ga batutuwan da ke dawowa, ka zaɓi waɗanda kake da rabin saninsu, domin su ne za su fi saurin zama maki. Babin da ba ka taɓa buɗewa ba tun aji huɗu, kuma ba ya yawan fitowa, haƙura da shi. Karanta minti ashirin, rufe, rubuta minti goma, gyara, wuce. Abin da ka yi ranar farko sake jawo shi da safen rana ta biyu kafin ka taɓa sabo, haka na rana ta biyu a ta uku. A daren ƙarshe kada ka buɗe sabon babi. Bi littafin kurakurai sau ɗaya, tabbatar da silif ɗinka da cibiyar da aka tura ka da lokacin da aka ba ka, ka samu aƙalla awa shida na barci, musamman in kana cikin rukunin farko na safe.